Kurakuran littafin shirin jarrabawar sabar yanar gizo: shawarwarin da aka tattara

Masu shirin jarrabawar sun yi ta kokawa kan kurakuran littafin nazarinsu, kuma shawarwarin da suka fito na da amfani ƙwarai.

Mafi yawan kurakuran tsufa ne ya jawo su. Littafin na koyar da umarnin izinin shiga "Order allow,deny" da "Allow from all" na sigar 2.2 ta Apache (manhajar saba da ke isar da shafukan yanar gizo), alhali tun fitowar sigar 2.4 a 2012 "Require all granted" ne ya maye gurbinsu. Haka umarnin "NameVirtualHost", a 2.4 ba ya aikin komai. Wanda ya haddace tsohon salo zai iya zaɓar amsar da ba daidai ba yana ganin ya ci.

Wani rikicin kuma na suna ne: a cikin nau'o'in tsarin Linux, a Debian da Ubuntu apache2 ake kiran Apache, a Red Hat kuwa httpd, wuraren fayilolin saiti ma sun bambanta.

Shawarar da na fi yarda da ita: kafa saba a kwamfutarka, ka rubuta kowane misali da hannunka, sannan ka gwada da "apachectl configtest", umarnin da ke duba kuskure a fayilolin saiti. In littafi ya saɓa wa takardun Apache na hukuma, bi takardun. Ka kuma duba jerin gyare-gyaren mawallafi, ka aika masa kuskuren da ka gano.