Don Allah a taimaka min, musun FC da eFootball ya hana mu buga gasa

Salam ƴan uwa, wallahi abin nan ya kai ni bango. Mun haɗa kuɗi mu samarin layinmu za mu buga gasa a gidan gem ɗin unguwa a PS4, kowa ya biya nasa, amma har yau ko wasa ɗaya ba a buga ba saboda musun wane gem ɗin ƙwallo za a sa. Wasu sun ce sai FC, wato FIFA ɗin nan da kamfanin EA ya canza wa suna a 2023, wai shi ke da ƙungiyoyin Firimiya da rigunansu na gaske, su kuma tsofaffin ƴan PES kullum zagin Konami, kamfanin da ya yi gem ɗin PES, suke tun da ya mai da shi eFootball a 2021 amma duk da haka sun ce FC gudu ne kawai ba ƙwallo ba.

Babbar matsalar mutum ɗaya ne, ba zan kama suna ba. Mun yi ƙuri'a FC ya ci, ya ce maguɗi aka yi. Dama haka yake, in aka zura masa sai ya ce kwamfuta ce ta tsara ko madannin R2 na hannun gem ɗinsa na maƙalewa, a musanya masa hannu a ƙara zura masa ya ce ai talabijin ɗin ce. Kuma yayan abokina ne, Yaya muke ce masa, ba dama in ce ya fita.

Mai shago ya ce in ba mu fara ranar Asabar ba wasu zai ba lokacin. In mayar wa Yaya da kuɗinsa ne a asirce, ko mu yi gida da waje, ɗaya FC ɗaya eFootball? Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, ya kuka lissafa maki?