Na tare wa mutane gangara kusan rabin awa, ina nake kuskure wajen sauke jirgi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayanin. Wata biyu ke nan da na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji a baya, tsawonsa ƙafa 16, haɗe da tirelarsa. Tuƙi a cikin ruwa bai ba ni wahala ba. Abin da ya gagare ni shi ne gangaren simintin da ake sauke jirgi a kai.

Ranar Asabar da ta wuce na je da ɗana. Da layi ya zo kaina sai na tsaya a bakin gangaren, na kwance igiyoyi, na kwashe kaya daga mota zuwa jirgi. Sannan na fara ribas. Sau shida tirelar tana lanƙwashewa ina komawa gaba. Da ƙyar jirgin ya shiga ruwa, sai na ga ruwa yana taruwa a ƙasansa, ashe matoshin ramin da ruwa ke tsiyayewa ta bayan jirgin yana cikin mota, ban sa shi ba. Dole na sake fito da shi. Motoci biyar na bayana, wani mutum ya ɗaga mini murya a gaban yarona. Har yanzu abin yana damuna, ba don faɗan ba, don na san na ɓata wa mutane safiyarsu.

Ina so in sani, wane tsari kuke bi? Me ake kwancewa da farko, me ake bari sai ƙarshe? Kuma yaya ake koyon ribas da tirela?

Tsohon hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, babu wanda aka haifa da iyawa. Amma zan faɗa maka gaskiya: ba ribas ɗinka ne ya fusata mutanen nan ba. Kowa yana yi wa sabon shiga uzuri idan tirela ta ƙi masa. Abin da ba a yafewa shi ne mutum ya mai da gangara wurin shiri. Gangara hanya ce, wucewa ake yi. Duk aikin da za a iya yinsa a wani wuri, to ba a yinsa a kanta.

Idan ka iso, nemi gefe a filin ajiye motoci, inda ba ka tare kowa ba. A nan za ka gama komai. Matoshi shi ne farko, kafin ka taɓa wani abu. Ni tare da makullin jirgi nake ɗaure nawa, ta yadda hannuna ba zai kai ga ɗaya ba tare da ɗayan ba. Daga nan ka cire rufin jirgin, ka loda kaya duka, rigunan ceto, man fetur, anga, kayan kamun kifi. Ka kwance igiyoyin baya guda biyu da suka ɗaure jirgin da tirela. Mutane da yawa sun sha manta su, sai ka ga jirgi yana ƙoƙarin tasowa da tirela a maƙale da shi. Ka ɗaga injin sama don kada ƙafarsa ta goge siminti. Ka duba batir yana da wuta, makulli yana wurinsa. Ka ɗaura doguwar igiya a goshin jirgin, wadda za a riƙe shi da ita idan ya bar tirela.

Abu biyu kaɗai za ka bari a ɗaure: igiyar winci, wato na'urar nan da ake murzawa a ja jirgi, da sarƙar da ke riƙe da goshinsa. Waɗannan sai bayan jirgin ya shiga ruwa.

Idan ka yi haka, abin da ya rage maka a kan gangara bai wuce na 'yan mintoci ba: ribas, kwancewa, turawa, fitar da mota.

Direban babbar mota:

Malam, bari in ɗauki ɓangaren ribas, don sana'ata ce. Sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, ba a samansa ba. Inda kake so bayan tirela ya nufa, can za ka kai hannun. Kana so ta yi hagu, hannu ya yi hagu. Shi ke nan, ba sai ka tsaya lissafin juyi a kanka ba.

Kuskuren sabon shiga guda biyu ne, sauri da yawan murɗa. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin lanƙwashewa, don haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa taɓa sitiyari, ka jira ka ga yadda ta amsa. Da ka ga ta fara kaucewa sosai, kada ka yi ta fama da ita. Tsaya, ja gaba har mota da tirela su miƙe, sake farawa. Jan gaba ba abin kunya ba ne, mu ma kullum muna yi. Kuma kafin ka fara ribas ɗin, ka yi kwana mai faɗi ta yadda za ka tsaya a miƙe da gangaren. Rabin aikin ke nan.

Ka nemi fili babu kowa, ka jera robobin ruwa layi biyu daidai faɗin gangara, ka yi ta shiga tsakaninsu da madubi. Yamma biyu ko uku ta ishe ka. Bayan haka ka je gangaren a ranar aiki da hantsi, lokacin da babu layi, ka sauke ka ɗora, ka sauke ka ɗora.

Wata 'yar uwa:

Ni maganar yaron ce ta tsaya mini. Yaya, don Allah idan za ka gangara, kada ka bar shi a cikin mota. Ka sauke shi, ya sa rigar ceto, ya tsaya can gefe inda kake ganinsa, ba a bayan tirela ba. Ƙasan gangara da ruwa ke rufewa cike yake da gansakuka, santsinsa ya fi na sabulu. Mota tana iya sulalewa, mutum ma yana iya zamewa ya bugu. Kai kanka ka sauke gilasan mota kafin ka fara. Da haka za ka ji idan an yi maka magana, kuma idan wani abu ya faru kana da mafita.

In za ka fita daga motar a kan gangara, ka ja birkin hannu sosai, ka sa giyar tsayawa. Idan motar mai giyar hannu ce ka kashe ta, ka bar ta a giya, ka sa wa taya waigi.

Mai kamun kifin asuba:

Ni dai ina kwance igiyar winci tun a filin shiri, in yi ribas, in taka birki, jirgi ya sulale da kansa. Shekaru ina yi ban ga komai ba. Ya fi sauri.

Makanike:

Ɗan uwa mai kamun kifi, da girmamawa, wannan ba shawarar da za a ba sabon shiga ba ce. Wataƙila tirelarka mai katako ce da aka lulluɓe da kafet, jirgi yana zaune daram a kai. Amma akwai tirela mai ƙananan tayoyi da jirgi ke gungurawa a kansu. Irin wannan, idan ka kwance goshi kafin ka kai ruwa, da zarar tirela ta karkata jirgin zai sauka a kan siminti. Na gyara jiragen da haka ta same su. Ko mai katakon ma, idan kafet ɗin ya jiƙe yana iya sakin jirgi. Mai tambaya, ka bi maganar Baba da ya fara amsa maka: winci da sarƙa sai a bakin ruwa.

Ga nawa ƙarin. Kada ka tayar da inji a kan tudu don ka gwada shi. Da ruwa yake sanyaya kansa, kuma famfon da ke jawo ruwan na roba ne, cikin ɗan lokaci kaɗan yake lalacewa idan ya juya a bushe. Sai ƙafar injin ta nutse sannan ka tayar. Da ya tashi ka duba ɗan siririn ruwan nan da yake fitarwa ta gefe. In babu shi, kashe. Kuma ka tayar da shi tun jirgin yana maƙale da tirela, don in ya ƙi tashi ka ja abinka ka fita, ba ka tsinci kanka kana yawo a ruwa babu inji ba. Masu injin fetur na cikin jirgi kuma, su kunna fankar fitar da tururin mai na minti 4 kafin su murɗa makulli. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Zurfin shiga kuma: kada ka nutsar da motarka. Tayoyin baya su tsaya a bakin ruwa, salansar motar kada ta shiga. Da ka ga bayan jirgin ya fara tasowa, ya isa. Ka lura da inda ruwa ya kai a jikin murfin tayar tirela a ranar da abin ya yi maka daidai, wannan ce alamarka daga yau. Idan ruwa ya ja baya, ka tambayi waɗanda suka san wurin inda simintin ya ƙare, don tayar tirela in ta faɗa bayan ƙarshensa fito da ita aiki ne.

Wani amfanin tsayawa a filin shiri: boris ɗin tayar tirela yana ɗaukar zafi a hanya. Idan ka tsoma shi a ruwan sanyi nan take, yana iya zuƙo ruwa ciki, giris ya lalace. Mintocin da kake lodi su ne na hucewarsa.

Mai kamun kifin asuba:

Na karɓi gyara, tawa mai katako ce. To bari in faɗi abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, tunda da duhu nake zuwa. In kana kan gangara da dare ko da asuba, kashe manyan fitilu, bar ƙanana. Motarka tana kallon sama, haskenka yana dukan madubin wanda ke ribas a gefenka, ba ya ganin komai. Sannan gangara mai layi biyu, ɗauki ɗaya, kada ka zauna a tsakiya.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a takarda. Saura biyu. Yawanci ni kaɗai ne babba, to wa zai riƙe jirgi in je ajiye mota? Kuma wajen dawowa, wa ke da layi? Ranar nan na ga jirage suna jira a ruwa, ban san bayan wa nake ba.

Tsohon hannu:

In kai kaɗai ne, doguwar igiyar nan ita ce abokin aikinka. Ka ɗaura bakinta ɗaya a tirela ko ka riƙe ta kafin ka tura jirgin. Da ya taso, ka ja shi zuwa can ƙarshen dandamalin ɗaure jirage, ko ka kai shi ɗaya gefen da ba ya fuskantar gangara, ka ɗaure gaba da baya. Sannan ka je ka ɗauke mota nan take. Kada ka tsaya gyara kaya ko amsa waya. Dandamalin ma ba wurin zama ba ne, na ɗauka da saukewa ne. Idan ka dawo daga ajiye mota, ku shiga, ka maƙala igiyar kashe inji a jikinka, wato wadda ke kashe injin in ka faɗa ruwa, ku fita a hankali. Kada ka tayar da igiyar ruwa kusa da gangara, don wani yana can yana ƙoƙarin daidaita jirginsa a kan tirela, kai kuma ka girgiza masa shi.

Batun layi, abin da aka saba a yawancin wurare shi ne layin na motoci ne, ba na jirage ba. Wanda tirelarsa ta iso gangara shi ne da wuri, ko da jirginka ya riga nasa zuwa bakin gaɓa. Saboda haka ka ɗaure jirgi inda bai tare hanya ba, ka ɗauko mota, ka bi layi. In kuna da yawa, a sauke mai tuƙa mota, jirgin ya koma ya jira daga nesa. Idan wurin yana da allon doka ko ma'aikaci, to nasu tsarin ne gaba da nawa.

Wajen ɗorawa, kuskuren da aka fi yi shi ne nutsar da tirela da yawa. Sai jirgi ya yi ta yawo a samanta, ya zauna a karkace. Ka bar wani sashe na katakon a waje, shi zai kama ƙirjin jirgin ya daidaita shi. Ka lura da iska da jan ruwa, ka nufo tirela daga ɓangaren da suke turowa, su kawo ka tsakiya. Ka ɗaga inji kaɗan, ka shigo a hankali, ka ƙarasa da winci. Kada ka banka wa inji wuta don ya tura jirgin sama. Farfela tana haƙe ƙasar da ke ƙarshen siminti, ta bar rami a nan da tudun yashi a bayansa, gobe wani ya faɗa. Wasu wuraren ma sun hana.

Da ka maƙala winci da sarƙa, ɗaga injin duka, ja ka bar gangara. Can filin da ka yi shiri za ka koma ka cire matoshi ruwa ya tsiyaye, ka ɗaure igiyoyin baya, ka duba fitilun tirela.

Wata 'yar uwa:

A ƙara da wannan: kafin ka bar wurin ka tsince duk ciyawar ruwa da laka da suka maƙale a tirela da farfela da anga, ka zubar da ruwan da ke cikin jirgin. Da haka ake kwasar ciyayi da ƙananan halittu daga wannan ruwa a kai wancan su addabe shi. In ruwan gishiri ka shiga, ka wanke tirela da inji da ruwan daɗi da ka isa gida.

Kuma Yaya, in ka ga abin yana neman rikice maka, ka fito ka ce wa na bayanka, "Malam, sabo ne ni, ko za ka duba mini baya?" Ni sau biyu na yi haka a shekarata ta farko, duka biyun aka taimake ni, ɗaya ma shi ya riƙe mini igiya har na ajiye mota.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Na duba tirelata yanzu, mai ƙananan tayoyin nan ce da makanike ya ambata, don haka winci ba zai kwance ba sai a ruwa. Matoshi kuma na riga na ɗaure shi da makulli. Gobe da yamma zan kai robobi fili, ranar Talata in Allah ya yarda in je gangaren ni da wani abokina, ba tare da yaron ba tukuna.