Injin sayar da kayan ƙwalam a makarantun yaranmu: me kuka gani?

Maman 'yan biyu, Bronx: Assalamu alaikum iyaye. A sakandaren da babban ɗana yake akwai injin nan da ake zura masa dala ya sako lemo ko soyayyen dankali. Likita ta ce nauyin yaron ya yi yawa, ga ciwon suga gado ne a gidanmu. Na ɗaga maganar a taron iyaye, aka ce da ribar injin ake sayen rigunan 'yan ƙwallo. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya gaya mana yadda ta kaya.

Malamin lissafi, Los Angeles: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina koyarwa a nan tun kafin a hana sayar da lemo mai gas a makarantun birninmu a 2004. A wancan zamanin Coca-Cola ko Pepsi kan ƙulla yarjejeniya da makarantu, a ba su wuri su kaɗai, su kuma su bayar da kaso. Da aka hana, an yi ta kukan wasanni za su mutu. A makarantarmu dai ba su mutu ba.

Tun 2014 akwai dokar tarayya a nan Amurka, Smart Snacks: kayan ƙwalam da ake sayarwa a makaranta kada ya wuce kalori 200, sukarinsa kada ya haura kashi 35 cikin ɗari na nauyinsa. Amma minti 30 bayan an tashi dokar ta daina aiki, lokacin da yunwa ta fi cin yara ke nan. Ki nemi su nuna muku a rubuce nawa injin ke kawowa a shekara. Kuɗin daga aljihunki yake fita, kamfani ya kwashi mai tsoka, makaranta ta samu ragowa.

Yaya Babba, Paris: Mu a Faransa tun Satumbar 2005 aka kwashe injinan daga makarantu gaba ɗaya. Sai dai 'yata da ƙawayenta shagon burodin bakin titi suke tsayawa bayan an tashi. Duk da haka na fi son hakan, aƙalla ba makaranta ce ke tallata musu ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birmingham: Nan Ingila tun 2007 aka cire alawa, cakulan da lemo mai gas daga injinan makarantun gwamnati. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 irin na Amurka yana ɗauke da giram 39 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fi so babba ma ya tsaya wajen giram 25 a yini. Yaran da nake gani ana cire musu ruɓaɓɓun haƙora, wallahi abin tausayi ne. Ni na daina ba nawa kuɗin tara, dabino da gora ta ruwa nake saka musu a jaka.

Baban 'yan mata, Houston: Ni kam kada a cire. 'Yata ba ta cin naman makaranta saboda ba yankan Musulmi ba ne, kuma tana tsayawa atisayen gudu har yamma. Ranar da ta manta da kular abincinta, injin ne ke ceton ta.

Malamin lissafi, Los Angeles: Gaskiyarka Alhaji. To ku haɗu ku nemi a zuba ruwa, madara da busassun 'ya'yan itace a ciki, kuma ƙa'idar ta ci gaba har bayan tashi. Doka ta ba hukumar makarantu damar tsaurarawa fiye da ta tarayya.