Shin Ahmad ibn Majid ne ya nuna wa Vasco da Gama hanyar Indiya?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin cewa da Vasco da Gama, jagoran jiragen ruwan Fotugal, ya iso Malindi, a gaɓar Kenya ta yau, cikin Afrilun 1498, shahararren matuƙin nan Balarabe, Ahmad ibn Majid, shi ne ya ja masa gaba har Kalikut, a gaɓar Indiya. Ina neman malamai su warware mini ko maganar tana da tushe.

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Tana da tushe, ɗan'uwa. Ƙuɗbuddin an-Nahrawali, malamin Makka, ya rubuta a littafinsa al-Barƙul Yamani cewa jiragen Turawan Fotugal sun yi ta halaka a hanyarsu ta zuwa Indiya, har sai da shugabansu ya ja Ibn Majid a jiki, ya shayar da shi giya, shi kuma cikin maye ya ce musu su nisanci gaɓa su shiga tsakiyar teku. Baturen Faransa Gabriel Ferrand ma ya karɓi ruwayar. Sannan a dubi aikin kansa: cikin kwana ashirin da 'yan kai suka tsallake Tekun Indiya, abin da sai gwani zai iya.

Malama Mai Alli: Baban Amira, Allah ya ƙara sani, amma ina isnadin? An haifi Nahrawali a 1511, shekara 13 bayan aukuwar lamarin, kuma sai da aka yi sama da shekara saba'in sannan ya rubuta shi, saboda haka jiyau ne, ba ganau ba. Su kuwa mutanen Fotugal, waɗanda da sun san sun samu matuƙi mai irin wannan suna da sun cika duniya da alfahari, babu wanda ya ambace shi. Marubucinsu João de Barros ya ce Musulmi ne mutumin Gujarat, ya kira shi Malemo Kana, kalmar farko kuwa mu'allim ce ta Larabci, wadda ma'abota teku ke kiran jagoran jirgi da ita, wadda kuma mu muka mayar malam. Ibn Majid ɗan Julfar ne, inda Ras al-Khaima ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa take yanzu, ba Ba'indiye ba.

Baban Amira: To ai su ma bakinsu bai zo ɗaya ba, Malama. Wanda ya rubuta labarin tafiyar daga cikin ayarin cewa ya yi sarkin Malindi ya ba su jagora Kirista. Wanne za mu ɗauka?

Malama Mai Alli: Wannan saɓani ba ya taimakon hujjarka. Mutanen da Gama sun fito da tsammanin za su tarar da Kiristoci a Gabas, shi ya sa suka riƙa ɗaukar mabiya addinin Hindu a matsayin Kiristoci, har a Kalikut suka shiga ɗakin bautarsu suna zaton coci ne. Ko Musulmi ne ko Bahindu, ruwayoyin biyu Indiya suke nunawa. Ibn Majid kuwa, wanda ya rubuta littafinsa Hawiyatul Ikhtisar tun 1462, ya kammala Kitabul Fawa'id wajen 1490, wanda a 1498 ya haura sittin, babu mai ganinsa ya ce masa Kirista.

Tsohon Ma'aikacin Tashar Ruwa: Ni abin da ya dame ni a ruwayar Nahrawali shi ne nasihar kanta. A ce wa mutanen da suka baro Lisbon a Yulin 1497, suka shafe wata uku a tsakiyar Atilantika ba su ga tudu ba, wai su nisanci gaɓa? Abin da suka rasa shi ne sanin iskar da ke juya akala da sauyawar yanayi, wadda daga wajen Afrilu take kaɗawa zuwa Indiya, kuma wannan ilimi kowane mu'allim a Malindi yana da shi. Shaida ita ce dawowarsu: sun taso ba a kan kari ba, suka yi kusan wata uku a kan ruwa, ciwon kumburin dasashi ya kashe musu mutum kusan 30, har dole suka ƙona jirgi ɗaya don babu masu tuƙa shi.

Baban Amira: Baba, na karɓi wannan. Sai dai a waƙar Ibn Majid mai suna Sufaliyya akwai baitocin da suka ambaci zuwan Turawan, alamar ya san da su.

Malama Mai Alli: Sanin zuwansu daban, yi musu jagora daban, kuma masanin nan ɗan Siriya Ibrahim Khuri, wanda ya tace rubuce-rubucensa, yana ganin cusa baitocin aka yi daga baya. A ganina an shafa wa dattijon kashin kaji ne, domin lokacin da jiragen Fotugal suka addabi Bahar Maliya har suka yi barazana ga Jidda a 1517, jama'a na bukatar wanda za su ɗora wa laifi, sunansa kuwa shi ne sananne. Sidi Ali Ra'is, kwamandan jiragen Daular Usmaniyya, ya dogara da littattafan Ibn Majid a nasa littafin al-Muhiɗ a 1554, yana yabonsa, kuma ya riga Nahrawali rubutu.