Library ɗina na Fortran ya ƙi tashi a kwamfutar lab

Ɗan Samaru: Salam jama'a. code ɗin Fortran ne na haɗa (compile) ya zama .so, wato fayil ɗin library, a laptop ɗina, ina kiransa daga Python da ctypes lafiya lau, amma ina kwafa shi zuwa tsohuwar kwamfutar lab sai ta rubuto "Illegal instruction" ta fita. Wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Na Tudun Wada: ka sa -march=native wajen haɗawa ko? cire shi, shi ke sa a haɗa code daidai da processor ɗin kwamfutar da kake kai. Laptop ɗinka na da AVX2, wasu umarnin processor, ita waccan in kafin 2013 aka yi ta ba ta san umarnin ba sam

Ɗan Samaru: wallahi na sa, an ce yana ƙara gudu

Anti Gyallesu: wai waccan da fankarta ke ƙugi kamar injin markaɗe? 😂

Malam Kongo: Ƙanena kai gode ma Allah taka ta mutu ta gaya maka. Ni wani ne ya ba ni wrapper ɗinsa, code ɗin da ke kiran Fortran daga Python, ba error ba komai, lambobi na fitowa tsaf, duk gwajin da ya yi da symmetric matrix ya yi shi, to ita ko ka juya ta ita ce dai. Ashe Fortran shafi-shafi yake jera matrix a memory, NumPy na Python kuma layi-layi, shi bai sa np.asfortranarray da ke mayar da jerin irin na Fortran ba, sai da na zuba data na gaske na ga amsa ta karkace kuma har na riga na kai wa supervisor graph ya sa hannu. Tun daga nan ba na karɓar .so ɗin kowa sai na ga source na haɗa da kaina da -g da -fcheck=bounds, in ya faɗi na buɗe gdb, debugger, na ga layin da ya faɗi.

Baban Ilham: ni dai ku bar Fortran ɗin nan, abin 1957 fa, ku koma yaren Julia

Malam Kongo: Alhaji LAPACK, library ɗin lissafin matrix da ke ƙarƙashin NumPy ɗinka, da me aka rubuta shi in ba Fortran ba?

Baban Ilham: ai ba ni nake haɗa shi ba Malam 😅

Ɗan Samaru: na cire, yanzu kuma wai libgfortran.so.5 cannot open shared object file

Na Tudun Wada: buga ldd a kan fayil ɗin, zai jero libraries ɗin da yake buƙata, ka ga abin da ya ce not found. .so.5 daga compiler ɗin GCC 8 ya fara, tsohuwar ƙila .so.3 gare ta. Kuma ko ka gyara wannan glibc, babban library ɗin C na Linux, na jiranka a gaba, abin da aka haɗa a Ubuntu 22.04 mai 2.35 ba lallai ya tashi a 18.04 mai 2.27 ba. Ka haɗa shi a can kan tsohuwar kawai, na tsoho yana tashi a sabo

Ɗan Samaru: Yaya ba gfortran, compiler ɗin Fortran, a kanta kuma ba intanet a lab

Anti Gyallesu: hotspot mana

Baban Ilham: Julia dai

Na Tudun Wada: Alhaji don Allah. Af, wa ke da wuta yanzu a Sabon Gari? tun asuba muke duhu nan