Garanto ba shaida ba ne: mu nemo sunan da zai gaya wa mutum abin da ya sa wa hannu

Jama'a, taimakonku nake nema a kan fassarar kalmomi biyu: garanto, da wata da ta shafi wanda ake fara biya a cikin masu bin bashi. Shekaranjiya wani dattijo da nake kira Baba, mai shago a Kantin Kwari, ya kawo mini takardar banki in karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Ɗan ƙaninsa ne zai karɓi rance da sunan ɗan kamfaninsa, aka ce ya kawo garanto. Na ce, "Baba, me ka ɗauki garanto?" Ya ce, "Ai shaida ce, ɗana. In ce na san yaron, na san gidansu, ba inda zai gudu." Gabana ya faɗi. Abin da takardar ta ce shi ne, ranar da yaron ya kasa, Baba zai biya uwar kuɗi da kuɗin ruwa da kuɗin lauya.

Kalmar garanto ta shigo bakinmu ta bar nauyinta a waje. Mai karɓar adaidaita a kan biya a hankali ana ce masa ya kawo garanto, mai neman aiki haka, mai kama hayar shago haka. Mun saba da ita har ta zama kamar gaisuwa. Shi ya sa nake so mu daina aronta a wurin fassara, mu sa kalmar da in mutum ya ji zai taɓa aljihunsa.

"Shaida" mu cire ta tun yanzu. Shaida ya gani ne ya faɗa, ba ya biyan ko kwabo. Duk tafintan da ya ce wa mutum shaida zai yi alhali lamuni zai ɗauka, ya cuce shi.

"Mai tsayawa" ita ce ta fi yawo a bakin mutane: wane ya tsaya wa wane. Ina sonta don kowa ya san ta. Amma ta yi faɗi. Ana tsaya wa mutum a wurin beli, ana tsaya masa a neman aure, ubangida yana tsaya wa yaronsa ya samu muƙami. A cikin waɗannan duka babu inda kunne yake jin kuɗi.

Asalin kalmar da muke da ita ita ce lamuni. Damuwata da ita guda ce: yanzu ta raba ƙafa. A rediyo kullum muna jin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a kasuwar Singa kuma mutum zai ce an ba shi kaya lamuni. A nan lamuni ya koma bashin kansa. In ka ce "mai lamuni" wani zai zaci mai ba da rancen kake nufi. To mu koma wa aikatau. Daga lamunta Hausa tana ba mu malamunci, jam'i malamunta, kamar yadda hukunta ta ba mu mahukunta. Malamunci ba ya rikicewa da mai ba da bashi. Ita nake ba da shawara.

Da na fara yaɗa wannan shawara, wani malamina da muka yi karatun zaure a wajensa a cikin gari ya aiko mini da gyara, kuma gyaran ya fi abin da na rubuta amfani. Ya ce, "Malam, kalmarka ta yi, amma ka sani duk wanda ya yi karatun Risala in ya ji lamuni akwai hukuncin da yake ji tare da shi." Gaskiyarsa. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce wanda ya yi lamuni mai biya ne, wannan babu ja. A Suratu Yusuf, aya ta 72, mai shela ya yi alkawarin kayan raƙumi guda ya ce shi ne ya lamunce. Amma Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ƙara da cewa ba a sa malamunci biya sai wanda ake bi ya rasa abin biya ko ba ya nan. Ke nan a fahimtar da mutanen Kano suka tashi da ita, mai bin bashi sai ya fara ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya ci, in bai samu ba sannan ya zo taka.

Malaman Malikiyya ma sun raba lamunin gida uku. Akwai na dukiya, wanda za ka biya. Akwai na fuska, wanda za ka kawo mutumin da kansa, in ka kasa kawo shi sai ka biya, sai fa in ka sharɗanta tun farko cewa ba ruwanka da kuɗi. Akwai na nema, wanda aikinka cigiyarsa kawai da nuna inda yake. Da na karanta saƙon malam sai na gane Baba bai yi shirme ba. Lamunin nema yake nufi, abin da ya ga iyayensa suna yi a kasuwa. Banki kuwa lamunin dukiya ya rubuta, kuma mafi tsaurinsa.

Ga inda tsaurin yake. Akwai sakin layi a takardar da ya ce Baba ya yarda a ɗauke shi tamkar shi ne ya ci bashin, kuma banki yana da damar binsa ba tare da ya fara kai yaron ƙara ko sayar da jinginarsa ba. Kotunan Najeriya suna zartar da irin wannan sharaɗi. Fiƙihunmu ma ya san shi, don Mukhtasar na Khalil ya ce in mai bin bashi ya sharɗanta zai kama wanda ya ga dama a cikin su biyun, sharaɗin yana aiki. Bambancin kawai, a wurin malamai sai an faɗa an ji, a takardar banki kuwa yana kwance a tsakiyar shafi da ƙananan baƙaƙe.

Saboda haka malamunci kaɗai ba ta isa ba, sai mun raba. Wanda za a zo wa bayan an gaza samu a wajen mai bashi, mu ce ya yi lamunin baya. Wanda za a iya fara kamawa tun ranar farko, mu ce ya yi lamunin kafaɗa da kafaɗa, don a jere suke tsaye da wanda ya ci kuɗin. Wata 'yar'uwa lauya ta ce ta fi son "lamunin kai tsaye" don ya fi gajarta. Yaya, na ji hujjarki, kuma a rubutun kotu ba zan ƙi ta ba. Amma "kai tsaye" ta gaji da aiki, ana sa ta a watsa shiri da zaɓe da komai. Dattijo in ya ji kafaɗa da kafaɗa ya ga hoton abin a idonsa.

Ita lauyar ce kuma ta tuna mini abin da ya sa wannan magana ba ta masana harshe kaɗai ba ce. Dokar Ingila ta 1677 da muka gada ta ce ba a kama mutum da lamuni sai a rubuce da sa hannunsa. Sannan akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya rubuta cewa an karanta wa mutumin an fassara masa ya gane kafin ya dangwala. To in tafinta ba shi da kalma, me ya fassara?

Kalma ta biyu ta fi ba ni wuya. A takardar akwai wani shafi daban da Turawa ke kira sabodineshan. Baba ya taɓa ranta wa kamfanin yaron naira miliyan 3 lokacin da zai fara. Banki ya ce Baba ya sa hannu cewa ba zai karɓi ko sisi daga wannan kuɗi ba sai an gama biyan banki tas, kuma in ya karɓa bisa kuskure, ajiyar banki ce a hannunsa.

Na fara da "jinkirta bashi" na ga ba ta yi ba. Jinkiri maganar lokaci ce, irin wadda aya ta 280 a Baƙara ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci. Mai jinkirtawa yana sa ran ranar biya za ta zo. A nan kuwa matsayi aka sauya, kuma mai yiwuwa ranar ba za ta zo ba har abada. "Yafe bashi" ta wuce gona da iri, don bashin yana nan.

Wani ya kawo "layi", ya ce kowa ya san layin gidan mai, na baya yana iya isowa ya tarar man ya ƙare. Wannan ɓangaren ya kama shi daidai, kuma na daɗe ina juya ta. Inda ta gaza shi ne, a layi ɗaya bayan ɗaya ake tsayawa. A rabon dukiyar wanda ya karye kuwa rukuni-rukuni ake yi, kuma 'yan rukuni guda babu wanda ya riga wani. Kalmar da ta haɗa gaba da baya da kuma daidaito a jere ita ce sahu. Babu Bakanon da za a yi wa bayaninta. Muna jin ta sau biyar a rana a masallaci, har shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau ya bar sunansa a kan babur mai ƙafa uku.

Mu gwada ta da lissafi. A ce kamfani ya rushe, an sayar da komai an tara miliyan 10. Banki mai jinginar ginin yana bin miliyan 6, shi ne sahun gaba, ya kwashe nasa. Ma'aikata suna bin albashin miliyan 1, doka ta sa su gaba da sauran masu bi, an biya su. Saura miliyan 3. 'Yan kasuwa biyu da suka ba da kaya ba jingina, ɗaya yana bin miliyan 4 ɗaya miliyan 2, sahunsu ɗaya, don haka kowa ya samu rabin haƙƙinsa: miliyan 2 da miliyan 1. Wanda ya yarda ya koma bayan kowa ya tashi hannu rabbana.

Tsarin kusan haka yake a dokar kamfanoni ta 2020, kuma sahun gaba ba da baki ake samunsa ba. Jinginar da kamfani ya bayar sai an yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni cikin kwana 90, in ba haka ba mai ita ya faɗa cikin gama-gari. Kayan da ake iya ɗauka, irin su injin niƙa ko buhunan hatsi a Dawanau, wata doka ta 2017 ta ba jinginarsu rajista ta musamman a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, wanda ya riga shiga shi ne gaba. Mu ma ba baƙin abin ba ne. A rabon gado ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai kamar jingina, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusi, sannan magada. Sahu ne wannan, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

Don haka ga yadda zan rubuta: tsarin duka sahun biya, bashin da ake fara sallama bashin sahun gaba, wanda aka tura baya bashin sahun baya, shafin da Baba zai sa wa hannu kuma sharaɗin komawa sahun baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kalmomin biyu suka haɗu. A ƙa'ida, malamuncin da ya biya yana maye gurbin mai bin bashi, ya bi wanda ya ci kuɗin ya karɓi abinsa. Takardar nan ta ce ko wannan haƙƙi Baba ba zai taɓa shi ba sai banki ya gama karɓar duk abin da yake bin yaron, har da rancen da zai ƙara ba shi nan gaba. Babu iyakar adadi, babu ranar ƙarewa.

Gobe bayan la'asar zan je shagonsa. Abin da zan gaya masa shi ne: "Baba, wajen biya an sa ka kafaɗa da kafaɗa da yaron, wajen karɓa an sa ka sahun baya. In za ka sa hannu, a rubuta iyakar kuɗin da ka lamunta, a rubuta cewa wannan rancen kaɗai ne, kuma lauyanka ya gani tukuna." Lamunin da ba shi da iyaka kuma ba shi da ranar ƙarewa shi ne har yanzu ban gamsu da sunansa ba. Na rubuta "buɗaɗɗen lamuni" na ajiye. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo kafin la'asar.