Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha: ina ikonta ya fara, ina ya tsaya?

Tsohon Firinsifal: Assalamu alaikum. Iyaye da yawa na kai ƙorafi inda ba nan ne muhallinsa ba, don haka waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin irin wannan hukuma su faɗi abin da suka sani. A Kano an kafa ta a 1977 da makarantun Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, don jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, daga baya aka haɗa mata kwalejojin fasaha. Babban ikonta shi ne zaɓen ɗalibai: ita ke shirya jarrabawar shiga ga waɗanda suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, ita ke rarraba su. Ɗaukar malamai, canjin wurin aiki, ƙarin girma da ladabtarwa duk a hannunta suke. Amma manhajar sakandare daga NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, take, takardar shaida kuma ta WAEC ce ko NECO. Hukuma ba ta da ikon taɓa sakamakon kowa.

Malamar Kimistiri: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. A ganina sayen kayan ɗakin gwaji ne ke nuna ko hukuma na aiki. Kafin jarrabawar gwaji WAEC kan turo jerin abin da za a tanada, galibi kowane ɗalibi na buƙatar wajen 150 cm³ na asid da kwatankwacinsa na alkali (sinadarin da ke kishiyar asid). Ɗalibai 200 ke nan lita 30 sau biyu, lita 60 na tataccen ruwa, ban da na ɗauraya. In injin tace ruwa ya mutu aka ɗebo na rijiyar burtsatse, gishirin da ke cikinsa zai karkatar da lissafin taitireshin (gwajin auna yawan asid da zai kashe ƙarfin alkali), yara su yi komai daidai amsa ta fito ba daidai ba. Haka sodiyom haidiroksaid, sinadarin da ake haɗa alkali da shi: yana shan danshin iska, in an sayo babban mazubi ana buɗewa ana rufewa, nauyin da aka auna ƙarya ne. Gara ƙananan kwalabe na giram 500. Kuma kayan su iso tun zangon farko, domin yaron da bai taɓa riƙe biyuret (bututun gilashi mai ma'auni da ake taitireshin da shi) ba sai ranar jarrabawa ba zai iya karanta ma'auninsa ba.

Injiniyan Bita: Malama ta faɗi gaskiya. A ɓangaren fasaha ma akwai iyaka. Hukumar jiha ce ke da gini da injuna da malamai, amma NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, ce ke tantance kwas, NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, kuma ke ba da shaidar kammala kwalejin fasaha (NTC) bayan shekara uku. Masu tantancewa na ƙirga benci, injuna da malamai bisa yawan ɗalibai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo injin sassaƙa ƙarfe mai cin layin wuta uku, bolt 415, a kai makarantar da layi ɗaya ke shiga. Ko kuma layi ɗaya ya ɗauke injin na aiki, motar injin ta yi ta gurnani har waya ta ƙone, alhali ƙaramar na'urar kariya za ta hana. Sandar walda kuwa in ta kwana a sito mai danshi da damina, ɗinkin zai fito da ramuka. Kwangilar inji dole ta haɗa da girkawa, horar da malami da kayan gyara, in ba haka ba a akwati zai tsufa.

Tsohuwar Akanta: Injiniya, a yi wa hukuma adalci a nan. Kasafinta ta ma'aikatar da ke sama da ita yake bi, majalisar dokoki ta amince, sannan a jira ma'aikatar kuɗi ta saki. Amincewa daban, sakin kuɗi daban. Babbar kwangila kuma sai ta bi ta ofishin tantance kwangiloli. Shi ya sa ciyar da 'yan kwana ke cinye abin da ya fara fitowa, tunda ba a ɗaga abincin yara zuwa wata mai zuwa, sinadarai su koma baya. Maganinsa a ware wa kayan gwaji layinsu a kasafi, firinsifal ya miƙa buƙatunsa da adadi da farashi tun kafin a rufe shirin kasafin.

Mai Duba Makarantu: Hajiya, ƙari ɗaya. In mun je dubawa, littafin gwajin ɗalibi muke fara buɗewa mu gwada da rajistar sito. In littafi ya nuna gwaji goma amma asid bai ragu a rajista ba, a allo aka yi su. A nan hukuma na da cikakken iko: takardar tuhuma, ko a ɗauke malamin.

Tsohon Firinsifal: Sai dai a fara tambaya ko makarantar na da ma'aikacin ɗakin gwaji. Malami mai aji shida ba zai haɗa sinadarai, ya wanke kwalabe, ya kuma koyar ba, kuma ɗaukar wannan ma'aikaci aikin hukuma ne.